Daga Aschheim Zuwa Manila: Bin Sawun Kuɗin Wirecard

Binciken zambar kuɗi sana'a ce da ake koya a kan tebur, amma sau da yawa sai a kan hanya ake kammala ta. Takarda za ta ce akwai kamfani a titi kaza, akwai kuɗi a banki kaza. Aikin mai bincike shi ne ya tashi ya taka titin, ya kuma ji daga bakin bankin. Badaƙalar Wirecard, kamfanin hada-hadar biyan kuɗi na ƙasar Jamus da ya durƙushe a watan Yunin 2020 bayan an nemi Yuro biliyan 1.9 da ke rubuce a littattafansa an rasa, ta bar hanyar da har yau ake iya bi zango-zango: daga Aschheim da ke gefen Munich zuwa Singafo, daga nan Dubai, sai tsibirin Luzon na ƙasar Filifin, sannan a komo Munich. 'Yan jarida da lauyoyi da oditoci da 'yan sanda duk sun bi wannan hanya, kowa a nasa lokacin. Wasu sun dawo da gaskiya, wasu sun dawo da takardun bogi cike da jaka, kuma abin da ya raba su shi ne wanda ya tsara musu tafiyar.

Zangon farko ba shi da abin kallo. Aschheim ƙaramin gari ne a arewa maso gabashin Munich, hedikwatar Wirecard kuwa a da tana unguwar ofisoshi ta Dornach, a wani titi mai suna Einsteinring, kusa da filin baje koli na Riem inda tsohon filin jirgin saman birnin yake kafin 1992. Gine-gine ne marasa tsayi, da wuraren ajiye motoci, irin wurin da baƙo zai wuce bai ɗaga kai ba. A nan kamfanin da aka kafa a 1999, wanda ya fara da karɓar kuɗi wa shafukan caca da na batsa a intanet, ya girma a hannun Markus Braun, ɗan Ostiriya da ya karɓi shugabanci a 2002. A watan Satumbar 2018 Wirecard ya shiga jerin manyan kamfanoni 30 na kasuwar hannayen jarin Jamus, ya ture tsohon bankin nan Commerzbank. Darajarsa a lokacin ta kai kusan Yuro biliyan 24, har ta zarce ta Deutsche Bank.

Aikin kamfanin na zahiri mai sauƙin ganewa ne: idan mutum ya sayi kaya da katin banki a intanet, Wirecard ne ke tsayawa tsakanin mai saye da mai sayarwa da bankuna, ya ɗauki ɗan kamasho. Inda zance ya rikice shi ne ƙasashen da kamfanin ba shi da lasisi. A can, in ji shugabanninsa, yakan miƙa 'yan kasuwa ga wasu abokan hulɗa su yi aikin, su ware masa kasonsa. Kason nan kuma ba ya zuwa Jamus. Ana tara shi a hannun wani mai riƙon amana, wai don ya zama jingina idan masu saye suka nemi a mayar musu da kuɗinsu. Abokan hulɗa uku ne suka ɗauke mafi yawan wannan ciniki: Al Alam a Dubai, Senjo a Singafo, PayEasy a Manila. Takardun cikin gida da jaridar Financial Times ta samu sun nuna cewa wajen rabin cinikin kamfanin da kusan duk ribarsa a 2016 daga waɗannan ukun suka fito.

Ƙwarewa ta farko a wannan sana'a ita ce karanta lissafi da idon ɗan kasuwa. Kamfanin da ke cewa yana da tulin kuɗi a ajiye, me zai kai shi cin bashi? Wirecard yana da yarjejeniyar rancen Yuro biliyan 1.75 da gungun bankuna, a 2019 kuma ya karɓi Yuro miliyan 900 ta hannun SoftBank na Japan, ya ƙara da takardun bashi na Yuro miliyan 500. Ribar da kullum take a rubuce amma ba ta taɓa shigowa hannu ba, ita ce ta sa Dan McCrum na Financial Times ya fara jerin rubuce-rubuce kan kamfanin tun 2015. Sai dai tambaya ba hujja ba ce. Shekara uku aka yi ana tambaya, farashin hannun jari yana ta hawa.

Hujjar daga Singafo ta fito. Birni ne da aka sani da tsari da tsaurin doka, kuma ofishin Wirecard na yankin Asiya a lokacin yana wata unguwar ofisoshi a Pasir Panjang, kusa da tashar jiragen ruwa. A farkon 2018 wani ƙaramin ma'aikacin sashen kuɗi ya je wurin lauyan kamfanin na yankin, Pav Gill, ya gaya masa cewa shugaban sashen, Edo Kurniawan, yana koya wa yaransa yadda ake zagaya da kuɗi: a fitar da su daga wani reshe, a bi da su ta hannun kamfanin waje da takardar kwangilar ƙarya, su dawo wani reshen a matsayin cinikin da aka yi da abokin ciniki. Gill ya yi abin da ƙa'idar aiki ta tanada. Ya sa aka kwafe akwatunan imel na waɗanda ake zargi kafin su farga, ya kuma ɗauko lauyoyin waje, kamfanin Rajah & Tann, waɗanda rahotonsu na farko ya nuna alamun jabun takardu da lissafin ƙarya. Daga nan ragamar binciken ta koma hedikwata, aka mayar da Gill gefe, kafin ƙarshen shekarar ya bar aikin. Mahaifiyarsa ce ta tuntuɓi jaridar.

Ba wannan ne karo na farko da zamba ta tonu ta bakin ɗan gida ba, haka aka saba. Ƙungiyar ƙwararrun masu binciken zamba ta ACFE, mai hedikwata a Austin ta jihar Texas, ta nuna a rahotonta na 2024 cewa kashi 43 cikin 100 na zambar da aka gano a ma'aikatu ta hanyar tsegumi aka gano ta, binciken oditocin waje kuwa kashi 3 kacal ya kama. Saboda haka iya sauraren mai kwarmata bayani, da iya ɓoye shi, suna cikin kayan aikin mai bincike kamar yadda iya lissafi yake. McCrum ya yi makonni a wani ɗaki marar taga a ofishin jaridar da ke Landan, yana tantance imel ɗin a kwamfutar da ba a haɗa ta da intanet ba. Tsoron ba na banza ba ne: an sha bin masu sukar Wirecard da 'yan leƙen asiri masu zaman kansu, kuma a 2020 cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto ta bankaɗo wani gungun masu kutse na haya a Indiya da ke farautar 'yan jarida da masu zuba jarin da suka taɓa kamfanin. Wirecard ya musanta cewa shi ya sa su.

Labarin ya fita ranar 30 ga Janairun 2019. Bayan kwana tara 'yan sandan Singafo suka kai samame ofishin. A Jamus kuwa akasin haka aka yi. Hukumar sa ido kan harkokin kuɗi, BaFin, ta ɗauka cewa makirci ne na masu cinikin faɗuwar hannun jari, wato waɗanda ke aron hannun jari su sayar da tsada da fatan farashi ya faɗi su saya da araha su mayar wa mai shi. A watan Fabrairu ta haramta irin wannan ciniki a kan Wirecard na wata biyu, abin da ba ta taɓa yi wa kamfani guda ba, a watan Afrilu kuma ta kai ƙarar McCrum da abokiyar aikinsa Stefania Palma gaban masu gabatar da ƙara. Binciken littattafan kamfanin kansa an miƙa shi ga wata ƙaramar hukumar duba lissafi, wadda daga baya aka ji cewa kusan mutum ɗaya ta ɗora wa aikin fiye da shekara. Jamus ta daɗe tana marmarin kamfanin fasaha da zai yi gogayya da na Amurka, kuma wannan marmari ya rufe idanu da yawa. Har shugabar gwamnati Angela Merkel ta sa baki don kamfanin a ziyararta ta Sin a watan Satumbar 2019.

Kafin a bar Singafo akwai ƙofa ɗaya da ya kamata a tsaya a gabanta, ta bankin OCBC. A nan aka ce mai riƙon amanar, wani ƙaramin kamfani mai suna Citadelle, ya ajiye wa Wirecard kuɗin da suka kai Yuro biliyan 1. Dokar farko da ake koya wa ɗalibin odita ita ce ya rubuta wa banki da kansa, amsa kuma ta dawo hannunsa kai tsaye ba ta hannun wanda ake bincika ba. Kamfanin EY, wanda ya yi fiye da shekara goma yana duba littattafan Wirecard, bai nemi wannan tabbaci daga OCBC ba daga 2016 zuwa 2018. Ya dogara da wasiƙu da hotunan allon kwamfuta da mai riƙon amanar da Wirecard suka ba shi. Kuskuren ba sabo ba ne. A 2003 kamfanin madara na Parmalat a Italiya ya rushe a kan wasiƙar jabu da ke cewa yana da kusan Yuro biliyan 4 a Bank of America.

Dubai zango ne gajere, domin babu abin gani sosai. Al Alam, wanda a takarda biliyoyin kuɗi ke ratsawa ta cikinsa, ofis ne mai ma'aikata 'yan ƙalilan. Wakilin Wirecard a can, Oliver Bellenhaus, a lokacin yana zaune a Burj Khalifa. Aikin da ya fasa wannan ƙwai da waya aka yi shi. A cikin takardun da suka fito akwai sunayen kamfanoni 34 da aka ce Al Alam na sarrafa musu kuɗi, sai 'yan jaridar suka bi su ɗaya bayan ɗaya. Goma sha biyar suka ce ba su taɓa jin sunan Al Alam ba, takwas sun riga sun rufe, biyar ba a same su ba, shida ba su amsa ba. Aiki ne mai gajiyarwa da ba ya buƙatar wata na'ura, kuma duk wanda ke da jerin sunayen a hannu zai iya yin sa. Da rahoton ya fita a watan Oktoban 2019, masu zuba jari suka matsa, Wirecard ya ɗauko kamfanin odita na KPMG ya yi bincike na musamman.

A Filifin ne darasin ya fi fitowa fili, domin an je sau biyu, ta hanya biyu.

Zuwan farko na Stefania Palma ne, a farkon 2019, ba tare da sanar da kowa ba. Ta ɗauki adireshin abokan hulɗar Wirecard kamar yadda suke a takarda ta bi su. Ɗaya yana Cabanatuan, a lardin Nueva Ecija, tafiyar wajen awa uku arewa da Manila. Hanyar tana fita daga cunkoson babban birnin, ta ratsa lardin Bulacan, ta shiga shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da ake kira rumbun shinkafar Filifin, gonaki kore shar hagu da dama. Cabanatuan kanta gari ne na babura masu ƙafa uku, sun cika tituna kamar yadda A Daidaita Sahu ta cika Kano. A adireshin da aka ce na kamfanin ConePay ne, mai sarrafa kuɗin ƙasa da ƙasa, gidan zama ta tarar, na wani tsohon ma'aikacin jirgin ruwa da iyalinsa. Ba su san kamfanin ba. Abin da suka sani shi ne wata wasiƙa da ta taɓa zuwa gidan daga bankin Wirecard na Jamus, mai nuna asusu da 'yan Yuro kaɗan a ciki. A Manila kuma, ofishin PayEasy ɗaki ɗaya yake da wani kamfanin hayar motocin safa, kuma wani Bajamushe tsohon ma'aikacin Wirecard ne ke tafiyar da su.

Zuwa na biyu an yi shi a farkon Maris 2020, kwanaki kaɗan kafin annobar korona ta sa a rufe Manila. A ƙarshen 2019, daidai lokacin da KPMG ke neman ganin asusun Singafo, sai Wirecard ya ce ai an sauya mai riƙon amana, kuɗin sun koma Filifin, sun kuma kai Yuro biliyan 1.9, a bankuna biyu, BDO da BPI. Sabon amintaccen wani lauya ne mai suna Mark Tolentino, wanda ya taɓa riƙe muƙami a ma'aikatar sufuri kafin Shugaba Duterte ya sallame shi a 2018, kuma an fi saninsa da ba da shawarar shari'a a YouTube. Tawagar KPMG da EY ta sauka Manila, Jan Marsalek, babban jami'in gudanarwa na Wirecard kuma mai kula da harkar Asiya, yana tare da su. Aka karɓe su a ofishin lauyan a Makati, unguwar bankuna da dogayen benaye, aka ɗebe su a jerin motoci, 'yan sanda a kan babura suna buɗe musu hanya. Ba hedikwatar bankunan aka kai su ba, rassa aka kai su, inda ma'aikacin da aka tanada ya miƙo takardar da ke tabbatar da kuɗin.

Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma a wannan rana oditocin sun gani da idonsu: ga banki na gaske, ga ma'aikaci na gaske, ga hatimi. Amma wanda ake bincika shi ya zaɓi ranar, ya zaɓi reshen, ya zaɓi mutumin da za a gani, ya kawo motar. Ziyarar da aka tsara haka ba ta fi wasiƙar da ta biyo ta hannunsa ba. Akwai kuma tambayoyin da ba sa buƙatar tafiya ko kaɗan. Me zai sa kamfanin Jamus ya ajiye kusan Yuro biliyan 2 a ƙasar da kuɗinta peso ne, a hannun lauya guda da bai daɗe da saninsa ba? Ta wace hanya kuɗi masu yawa haka suka tashi daga Singafo suka sauka Manila ba tare da babban bankin ƙasar ya ji motsinsu ba?

Ma'aikatan KPMG ba su gamsu ba, kuma a nan bambancin odita na shekara-shekara da mai binciken zamba yake. Na farko yakan fara da zaton cewa takardar da aka ba shi sahihiya ce sai in wani abu ya nuna akasi. Na biyu yana tambayar asalin kowace takarda da hannun da ta biyo. Sun nemi bayanan cinikin ɗaya-ɗaya, da takardun banki da ke nuna shigar kuɗi, da ganawa da abokan hulɗar. Aka yi ta jan su. Rahoton da aka wallafa ranar 28 ga Afrilun 2020 bai ce an yi zamba ba. Ya ce ba a iya tabbatar da cinikin abokan hulɗa na 2016 zuwa 2018 ba, kuma ba a iya musanta shi ba. Braun ya fito ya ce an wanke su. Irin wannan harshe na taka-tsantsan yana cikin matsalolin sana'ar: wanda ake bincika shi ke biyan kuɗin aikin, shi ke riƙe da takardun, mai bincike kuma ba shi da ikon tilasta wa kowa, ga tsoron ƙarar ɓata suna.

Daga ƙarshe EY ya yi gwajin da ya fi kowanne sauƙi. Ya ce in kuɗin na nan, a turo Yuro miliyan 440 daga Manila zuwa asusun kamfanin a Jamus. Makonni suka wuce, ko sisi bai iso ba. Sai ya tuntuɓi manyan bankunan biyu ta saman rassan, ranar 16 ga Yuni amsa ta zo cewa takardun jabu ne, Wirecard ba abokin cinikinsu ba ne. Kowane banki ya ce wani ƙaramin ma'aikacinsa ne ya buga takardar. Gwamnan babban bankin Filifin, Benjamin Diokno, ya ce kuɗin ba su taɓa shiga ƙasar ba. Tolentino ya musanta hannu a zambar, ya ce da sunansa aka yi amfani. Ranar 18 ga Yuni EY ya ƙi sa hannu a lissafin 2019, washegari Braun ya yi murabus, ranar 22 kamfanin ya amsa cewa da alama kuɗin babu su, ranar 25 ya kai kansa kotu a matsayin wanda ya karye.

Manila ta ƙara koyar da abu ɗaya bayan haka. Bayanan hukumar shige da fice sun nuna cewa Marsalek ya shigo ƙasar ranar 23 ga Yuni ya wuce Sin washegari ta Cebu. Da aka duba kyamarorin filin jirgi da jerin sunayen fasinjoji, babu shi babu alamarsa. Ministan shari'a Menardo Guevarra ya bayyana cewa wasu jami'ai ne suka shigar da bayanan ƙarya. Rajistar gwamnati ma takarda ce, sai an gwada ta da wata shaida da ba hannu ɗaya ya rubuta su ba. Marsalek tun ranar 19 ga Yuni ya tashi a ƙaramin jirgin haya daga Bad Vöslau, kudu da Vienna, zuwa Minsk ta Belarus. Sunansa ya sake fitowa a wata kotun Landan, inda a 2025 aka samu wasu 'yan Bulgeriya da laifin yi wa Rasha leƙen asiri a ƙarƙashin umarninsa.

Hanyar tana komowa Munich ta kudancin birnin, gidan yarin Stadelheim, inda aka gina zauren shari'a a ƙarƙashin ƙasa domin manyan shari'o'i masu buƙatar tsaro. Kafin a kai nan an yi sharar gida: masu gabatar da ƙara sun janye binciken 'yan jaridar a watan Satumbar 2020, majalisar dokoki ta Bundestag ta kafa kwamitin bincike, shugaban BaFin Felix Hufeld ya sauka a 2021, an yi sabuwar doka da ta ƙara wa hukumar iko. A 2023 hukumar sa ido kan oditoci ta ci EY tarar Yuro 500,000, ta kuma hana shi karɓar sababbin manyan kamfanoni na shekara biyu. A Singafo an gurfanar da daraktan Citadelle tun 2020 bisa zargin rubuta wasiƙun ƙarya.

An fara shari'ar ranar 8 ga Disambar 2022, da mutum uku a gaban alƙalai: Braun, da Bellenhaus, da tsohon babban akanta Stephan von Erffa. Masu gabatar da ƙara sun ce an damfari bankuna da masu ba da bashi wajen Yuro biliyan 3.1. Bellenhaus, wanda ya taso daga Dubai ya miƙa kansa a watan Yulin 2020, ya zama babban mai shaida. Ya ce cinikin abokan hulɗa ƙirƙira ce, da hannunsa aka haɗa bayanan. Michael Jaffé, wanda kotu ta naɗa ya tattara abin da ya rage na kamfanin, shi ma ya kai ga cewa cinikin bai taɓa wanzuwa ba, kuma bayanan asusun OCBC da aka samo daga baya ba su nuna waɗancan kuɗi ba. Braun, wanda aka tsare a watan Yulin 2020, ya tsaya a kan cewa cinikin na gaske ne, kuɗin ma na gaske ne, Marsalek da Bellenhaus ne suka karkatar da su ta wasu kamfanonin bogi ba da saninsa ba. Wannan ya ɗora wa masu bincike nauyi biyu: su nuna cewa abu bai taɓa kasancewa ba, sannan su nuna wane ne a Aschheim ya san haka kuma tun yaushe, alhali yawancin zantukan shugabannin ta manhajar Telegram aka yi su, mutumin da ya fi kowa sanin harkar Asiya kuma ba ya hannu. Shari'ar ta haura shekara biyu ana zama ana tashi a kan waɗannan tambayoyi.